Gwiwar Baba ta gaji da kuloci: a mayar da motarsa otomatik?

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 73. Yana da wata Mercedes 200 ƙirar 1983 mai giyar hannu, giya huɗu, wadda ya saya tun ina ƙarami. A cikinta ya kai mu makaranta, a cikinta ya koya mini tuƙi. Shekara biyu ke nan gwiwarsa ta hagu tana damunsa, likita ya ce gaɓar ce ta fara cinyewa. Yanzu idan ya shiga cunkoso ya yi ta taka kuloci, sai ya dawo gida yana ɗingishi, wani lokaci ya kwana bai runtsa ba. Na ce zan nema masa wata motar mai otomatik, ya ce shi da motarsa mutu-ka-raba. Wani bakanike ya ce mini yana da giyabos na otomatik a ajiye, na Mercedes ne, kwana biyu sun ishe shi ya ɗora. Niyyata idan Baba ya yi wata tafiya ta mako uku da yake shiri, in kai motar a yi aikin, ya dawo ya tarar. Da na gaya wa Yayata sai ta ce asarar kuɗi ce, kuma ma lokaci ya yi da Baba zai ajiye tuƙi a samo masa direba. Magana ta yi tsami har ta ce gwaninta nake son yi da ran mahaifinmu. Mako biyu ke nan ba mu yi waya ba. Kuɗin da na tara ba su da yawa, idan aikin ya lalace ba ni da na sakewa. Shin abin yana yiwuwa? Kuma ni ne mai kuskure ko ita?

Daga wani ɗa da ke cikin damuwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa ku rabu da shi lafiya. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren nan da ka ce yana kwana bai runtsa ba. Ɗan da ya lura da wannan har ya fara tara kuɗi ba gwaninta yake nema ba, tausayi ne ya motsa shi. Ka riƙe wannan a ranka, domin a cikin amsata akwai maganganun da ba za su yi maka daɗi ba.

Aikin yana yiwuwa. Hasali ma motar Baba tana cikin waɗanda ya fi sauƙi a kansu. Wannan ƙirar, wadda kamfanin ke kira W123, an yi ta daga 1976 zuwa 1986, an ƙera kimanin miliyan 2.7, kuma tun daga masana'anta iri biyu take fitowa, mai giyar hannu da mai otomatik mai giya huɗu. Gurbin yana nan a jikinta, ba sai an yanka ƙarfe an yi ƙage ba. Sannan otomatik ɗin wancan zamani babu ruwansa da kwamfuta. Da matsin mai yake aiki, da zuƙar iskar inji, da wani haɗi da ke tsakaninsa da totur. To amma ba aikin kwana biyu ba ne, giyabos shi kaɗai bai isa ba, kuma ba aikin da za a yi a bayan idon mai motar ba ne.

Da na ƙarshen zan fara, don shi ya fi damuna. Motar ta Baba ce, kuma Baba yana nan da ransa da hankalinsa. Mutumin da ya ce maka mutu-ka-raba ai ya gama gaya maka matsayin motar a wurinsa. Fiye da shekara 40 hannunsa na dama yana sauka a kan wannan sandar giya ba tare da ya duba ba, kunnensa ya san ƙarar da injin ke yi idan lokacin sauya giya ya yi. Ka ƙaddara ya dawo daga tafiya, ya buɗe ƙofa, ya zauna, ƙafarsa ta hagu ta miƙa ta tarar da wayam. Kai kana tsaye kana jiran ya yi murna, shi kuma abin da zai fara ji shi ne an yanke hukunci a kansa ba a tambaye shi ba. Dattijo yana iya jure ciwon gwiwa shekara da shekaru, amma wannan ciwon na ganin 'ya'yansa sun fara shirya masa rayuwa ba da saninsa ba ya fi daɗewa bai warke ba. Ƙila ya yi shiru ya sa maka albarka don kada ya karya maka zuciya, sannan ka ga motar ta fara kwana a rumfa. Don haka maganar ba-zata ka cire ta daga lissafi tun yau.

Akwai kuma dalilin tsaro. Wanda ya yi shekara 40 yana tuƙa giyar hannu, ranar farko da ya hau otomatik ƙafarsa ta hagu takan nemi kuloci da kanta, sai ta sauka a gefen faffaɗan fedar birki da dukkan ƙarfinta, motar ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Sannan otomatik da zarar an sa ta a D (giyar gaba) ko R (ribas) takan fara jan jiki ko ba a taka totur ba. Motocin yanzu ba sa bari ka fitar da giya daga P (giyar ajiye mota) sai ƙafarka tana kan birki, amma ta 1983 ba ta da wannan kariyar. Da safe kuwa, lokacin da injin mai kabureta ke gudu sama-sama kafin ya ɗumama, idan aka ja sandar zuwa R babu ƙafa a birki, sai motar ta zabura baya. A tsakar gida mai jikoki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk ana koyonsa, dattawa da yawa sun koya sun kuma ji daɗi, sai dai koyo ne na wanda ya yarda ya koya, ba na wanda aka yi wa ba-zata ba.

Yanzu Yayarka. Kalmar da ta faɗa maka ta yi zafi, kuma ba ta kyauta ba da ta kira niyyarka gwaninta. Amma ka cire zafin ka dubi abin da ke ƙasa, tsoro ne. Tana tsoron ranar da waya za ta buga a ce Baba ya yi haɗari. Kai kana kallon gwiwarsa, ita tana kallon shekarunsa, kuma tambayar da ta yi halattacciya ce: shin har yanzu ya dace ya riƙa tuƙi? Inda ta kuskure shi ne ta amsa tambayar ita kaɗai. Shekara 73 ba hujja ba ce ta karɓe wa mutum makulli. Akwai masu 80 da suka fi samari natsuwa a kan titi, akwai masu 60 da idonsu ya riga ya gaza. Abin da zai raba gardamar ba ra'ayinka ba ne, ba kuma nata ba, duba ne na likita. A gwada idonsa, musamman ganin dare da ganin gefe. A duba ƙafarsa ta dama, domin a otomatik ita kaɗai za ta ɗauki totur da birki, kuma ciwon gaɓa sau da yawa ba ya tsayawa a gwiwa ɗaya. Idan yana da ciwon suga a duba ko tafin ƙafarsa yana jin taɓi sosai. A tambayi likita ko cikin magungunan da yake sha akwai mai sa barci ko jiri. A nan ne kuma za ku tambayi maganar gashin gwiwa da motsa jiki, don ƙarfafa naman cinya yana rage wa gwiwa nauyi. In likita ya ce ƙafar dama da ido lafiya lau, maganar Yaya ta faɗi ba tare da kai ka kayar da ita ba. In ya ce akwai matsala, ka tsira da kuɗinka kuma ka gode mata.

Ita ce babba, kai za ka kira. Ba sai ka ce ita ce mai gaskiya a kan mota ba. Ka ce, "Yaya, na fasa yin komai a ɓoye. Ina so mu kai Baba asibiti tare a duba shi, abin da likita ya faɗa shi za mu bi." Da wuya ta ƙi wannan, domin ka ba ta abin da take nema, wato a saurare ta. Kuma kada ku bari Baba ya ji cewa a kan motarsa kuka daina magana. Idan ya ji, zai iya ajiye makullin don kawai a zauna lafiya, ya haɗiye abin a ransa.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, akwai gwaji biyu da ba za su ci maka komai ba. Na farko, ka ari mota mai otomatik, ka kai Baba fili marar mutane, ya tuƙa, ba sau ɗaya ba, kamar sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban. Ya ja ƙafar hagu baya ya ajiye ta kusa da kujera. Ka zauna a gefensa ka yi shiru, kada ka zama malamin wanda ya koya maka. Gani ya kori ji: ko ya sauko ya ce ashe haka abin yake da sauƙi, ko ya ce shi sam bai ji yana tuƙi ba. Kowacce ya faɗa amsa ce. Na biyu, kai da kanka ka zauna ka taka kulocin motar, sannan ka taka na wata irinta idan ka samu. Kulocin W123 da mai yake aiki, kuma mai lafiya ba shi da tauri sosai. Idan farantin da ke matse kuloci ya tsufa, ko famfon sama ko na ƙasa ya fara cijewa, ko sifirin ɗin feda ya karye, sai ya yi nauyi a hankali ta yadda mai motar ba zai lura ba, sai dai gwiwarsa ta lura. Ba na ce wannan zai warkar da ciwon ba, lanƙwasa gwiwa sau ɗari a cunkoso zai ci gaba da yi mata lahani. Amma idan yawancin fitar Baba gajeru ne, gyaran kuloci zai iya ba shi sauƙin da ya isa da kaɗan daga cikin kuɗin da ka tara.

Ga wani abu da nake so ka leƙa ka gani da idonka. Idan sitiyarin motar a hagu yake, birkin ajiye motar ba na hannu ba ne, wata ƙaramar feda ce a can ƙuryar hagu, kuma da ƙafar hagu ake taka ta, sai an ɗaga gwiwa sama sosai. Sa otomatik ba zai cire ta ba. P tana riƙe mota a wuri shimfiɗaɗɗe, amma ɗan ƙaramin haƙori ne a cikin giyabos ke yin riƙon, bai kamata a dogara da shi kaɗai a kan gangare ba. Sau ɗaya ne dai a kowace tsayawa, ba sau ɗari ba, duk da haka ka sa Baba ya taka ta a gabanka ka kalli fuskarsa.

Sai bakanike. Ba na zarginsa da ƙarya, mai yiwuwa ya taɓa sauke otomatik ya ɗora otomatik a kwana biyu, kuma da wannan yake auna aikinka. Amma canza jinsi wani abu ne daban. Kuma cewa giyabos "na Mercedes ne" ba ta gaya maka komai ba. Bakin giyabos dole ya dace da bayan injin, kuma saitin cikinsa an yi shi ne daidai da ƙarfin injin da aka haɗa shi da shi. Na dizal daban, na mai silinda shida daban. Injin motar Baba shi ne M102 mai silinda huɗu, wanda aka fara sa wa wannan ƙirar a 1980, ƙarfin doki 109. Lambar giyabos tana buge a jikinsa, ta fara da 722. Ka ɗauki hotonta, a tabbatar daga mota mai irin wannan injin ya fito. Idan kuwa na tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama ne, mai giya biyar da soket ɗin wayoyi, wannan sai da kwamfuta yake aiki, ka bar shi inda ka gan shi.

Bari in zagaya da kai ƙarƙashin motar ka ga abin da aikin ya ƙunsa, don ka san abin da za ka tambaya. A bayan inji akwai faifan ƙarfe mai nauyi da kuloci ke kamawa, wanda makanikai ke kira filawil. Wannan zai fita, a sa siririn faranti na otomatik a gurbinsa, da kusoshinsa na musamman, don irin waɗanda ke miƙewa ne idan an ɗaure su, tsofaffin ba a cika mayar da su ba. A tsakiyar ƙarshen sandar injin da filawil ke ɗaure a jiki akwai wani ɗan ƙaramin boris da sandar giyar hannu ke shiga, dole a zare shi, don gurbin nan ne hancin kanbata zai zauna. Kanbatar ita ce ke maye gurbin kuloci: wani ƙullutun ƙarfe ne kamar ƙwarya biyu da aka kife aka like, cike da mai, a ciki wata fanka tana watsa mai kan wata fankar, da haka ƙarfin inji ke wucewa zuwa giya ba tare da ƙarfe ya kama ƙarfe ba. Wannan watsa man yana haifar da zafi, shi ya sa motar otomatik take da lagireto mai hanyar sanyaya man giya a cikinsa, da bututu biyu masu zuwa da dawowa. Lagireton Baba mai yiwuwa ba shi da wannan hanyar. Ko a canza shi, ko a ƙara ɗan lagireto na daban a gaba. Zafi shi ne babban makashin giyabos na otomatik, duk bakaniken da ya ce ba sai an sa ba, ka ɗauke motarka.

Ba a gama ba. Tsawon giyabos ɗin ya bambanta, don haka rabin gaba na farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, zai canza, kuma farfelar gida biyu ce da aka daidaita nauyinsu tare, idan aka haɗa rabin wannan da rabin waccan sakaka sai motar ta riƙa karkarwa a gudu. Ƙarfen da ke tallafe giyabos daga ƙasa da robar da yake zaune a kai za su canza. Sandar giya da sandunan da ke haɗa ta da giyabos, fedoji, wayar agogon gudu, duk sai na otomatik. Akwai haɗin totur da ke gaya wa giyabos yadda direba ya taka, da siririn tiyon da ke ɗauko zuƙar iska daga inji, wanda ke daidaita taushi ko ƙarfin shigar giya, da wani suwic a ƙarƙashin fedar totur da ke saukar da giya idan an take ta har ƙasa don a wuce wata mota. Idan saitin waɗannan ya kauce, giya za ta riƙa shiga da duka ko ta riƙa sulɓewa, kuma mai sulɓewa ba ta daɗewa.

Abubuwa biyu daga ciki maganar rai ce, kada ka yarda a yi musu dabara. Na farko shi ne suwic ɗin da ke hana mota tashi sai giya tana P ko N (firi). Masu gaggawa sukan haɗe wayoyinsa kawai don mota ta tashi, sai ranar da aka murɗa makulli giya tana D. Ta cikinsa kuma fitilar ribas take samun wuta. Na biyu, kulocin wannan motar daga kofin man birki yake shan mai. Idan an cire shi, bakin da tiyonsa ke fita dole a rufe shi rufewa ta gaske, ko a canza kofin da na otomatik, ba a cusa kusa a naɗe da leda ba.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ana irin wannan aikin. Yaran sun ɗaga giyabos, ya rage ɗan yatsa ya haɗu da inji, ya ƙi. Maimakon su sauke su duba, sai suka sa dogayen kusoshi suka jawo shi da sifana. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, ba mai ƙarfi ba. Ashe kanbatar ba ta gama zama a cikin famfon mai ba, ana juya ta ne ana turawa har sai ta shige mataki-mataki zuwa ƙarshe kafin a haɗa. Aka gama, aka tayar da mota, aka sa D, ko motsi ba ta yi ba. Famfon ya fashe tun kafin ya yi aikin minti ɗaya, mai motar yana zaune a kan benci da makulli a hannu. Har yau idan na ji an ce kwana biyu, wannan sautin nake tunawa.

Shi ya sa shawarata a kan kaya guda ɗaya ce: kada ka sayi giyabos, ka nemi mota. Wato wata W123 mai irin injin Baba, mai otomatik, wadda jikinta ya ruɓe ko ta yi haɗari amma giyarta tana aiki. Idan tana tashi ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka ji yadda giya ke shiga, ka ƙirga daƙiƙun da take ɗauka kafin ribas ya kama. Ka zaro sandar awon mai ka goga a farin ƙyalle: ja mai haske shi ake so, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ka yi sallama. A ajiye motocin biyu gefe da gefe a riƙa ɗauke kaya daga wannan zuwa wancan, har ƙananan ƙarafan da babu wanda zai tuna da su sai an neme su an rasa. Wanda ya sayi giyabos tsirara zai yi wata uku yana farautar waɗannan ƙananan abubuwa, motar tana kan jak, Baba yana tambaya. Giyabos da ya daɗe a ajiye kuma ba ka san cikinsa ba, robobinsa sun bushe. Tunda za a buɗe wurin, a canza sil (robar da ke hana mai ɗiga) na bayan inji da na bakin kanbata da matatar man giya lokaci guda. Kayan giyar hannu da aka cire kuwa kada ka bar su a gareji. Ka wanke su, ka sa musu mai, ka adana. Da su za a iya mayar da motar yadda take, kuma sanin hakan zai kwantar wa Baba da hankali fiye da duk wani bayani.

Ka kuma gaya masa gaskiyar abin da zai rasa. Motar za ta ɗan yi nauyin tashi, don kanbata tana cin wani abu daga ƙarfin inji, kuma da yawa daga irin waɗannan giyabos ɗin a giya ta biyu suke tashi idan ba a taka sosai ba. Za ta ƙara shan fetur. Idan batir ya mutu, turawa da hannu ba za ta tayar da ita ba. Idan ta lalace a hanya ba a jan ta da gudu, kada a wuce kilomita 50 a awa, in tafiyar da nisa gara a ɗora ta ko a kwance farfela. Awon man giya kuma sai inji yana aiki, ya yi zafi, mota tana tsaye a daidai. Saboda wannan ƙarin nauyin, a auna matsin silindojin injin kafin a fara, a leƙa ƙasan motar a duba tsatsa inda ƙarfen tallafi ke kamawa. Injin da ke hayaƙi ko mai yawan zafi ba a ɗora masa otomatik, garin gyaran gira za a rasa ido. In akwai inshora a kan motar, a sanar da su canjin.

Tunda ka ce kuɗin ba su da na sakewa, ka auna wasu hanyoyin da zuciya ɗaya. Sau da yawa kuɗin motar da za a kwashe wa kaya, da ladan aiki, da abubuwan da ke ɓullowa a tsakiya, sukan kai ko su wuce kuɗin sayen wata W123 mai otomatik lafiyayya. Ƙila Baba da ya ƙi sabuwar mota ya yarda da 'yar'uwar tasa, kujera iri ɗaya, sitiyari iri ɗaya, ita ta shiga cunkoso, tasa kuma ya fita da ita ranar da hanya ta yi sarari. Akwai kuma na'urar da ake sa wa masu lalurar ƙafa, wadda ke taka kuloci da kanta idan direba ya matsa wani ɗan maɓalli a kan sandar giya, motar ta ci gaba da zama mai giyar hannu. Tana da kyau, amma sai inda akwai ƙwararren da zai sa ta kuma ya gyara ta idan ta samu matsala. Maganar direba ma ba sai an yi ta gaba ɗaya ba: wani ya tuƙa shi doguwar tafiya da fitar dare, shi ya riƙe na kusa. Wannan zai ba Yaya rabin abin da take so ba tare da an karɓe wa Baba makulli ba.

In ka tambaye ni wanne zan zaɓa, ga shi. Idan likita ya wanke ƙafar dama da ido, Baba ya gwada otomatik ya so ta, injin da jikin motar suna da lafiya, kuma ka samu cikakkiyar motar da za a kwashe wa kaya, to a yi aikin, zai iya ƙara masa shekaru a bayan sitiyarin da yake ƙauna. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasa, kada a taɓa ta. Bakaniken da za ka ba shi kuma ya zama wanda ya taɓa yin irin wannan canjin, ya nuna maka motar ko ya haɗa ka da mai ita. Ku rubuta kayan da za a canza ɗaya bayan ɗaya, ku sa hannu, biya ya zama kashi-kashi, kashin ƙarshe sai an yi gwajin hanya mai nisa motar ta yi zafi, an ajiye ta a kan kwali ta kwana an ga babu ɗigon jan mai. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don abin da ba a zata ba. In abin da ya rage bai isa aikin ba, to lokacin bai yi ba tukuna, ka ci gaba da tari ko ka nemi Yaya ta sa hannu.

Shi kuwa Baba, kada ka tare shi da lissafi. Ka zaɓi lokacin da yake goge motar ko yake duba mata ruwa, ka karɓi tsumman ka taya shi. Kada ka fara da "gwiwarka ta gaza". Ka ce, "Baba, ina so ka daɗe kana tuƙa motar nan. Na ji ana iya sa mata otomatik irin wanda kamfanin ya yi mata, kuma ana iya mayar da ita yadda take. Me ka gani?" Sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko da zai ɗauki kwanaki kafin ya amsa. Mutum ne da ya san kowace ƙara a jikin motar, ba mamaki ya riga ka tunanin, nauyin kuɗin ne ya hana shi faɗa. In ya yarda, ka tafi da shi garejin, ya zauna ya ga ana sauke giyabos ɗinsa, shi zai nuna inda za a adana shi. Tafiyar tasa ta mako uku kuwa, ka yi amfani da ita wajen neman motar da za a kwashe wa kaya da ɗaukar hoton lambar giyabos ɗin nan. Idan ka samu lambar ka aiko mini, tare da abin da likita ya ce. Ka gaishe mini da Baba da Yaya.